Yadda Ake Zaɓar Filayar Matse Tamina da Yadda Ake Aiki da Ita

Aikin filayar matse tamina guda ɗaya ne: ta danne bututun tamina, wato ɗan ƙarfen da ake sa wa bakin wayar lantarki don a haɗa ta da wani abu, a kan wayar har ya kai wani kauri da aka ƙayyade masa, ta tsaya a nan. Duk abin da ke jikinta, daga haƙora zuwa racet (ƙugiyar da ke hana ta buɗewa kafin a gama matsi) zuwa tsawon mariƙi, saboda wannan aka ƙera shi. Idan matsin ya kai inda ake so, zaruruwan jan ƙarfen da ke cikin wayar sukan sauya siffa su cike kowane gurbi, dusashen da iska ta shafa musu a baya ya farfashe, ƙarfe ya manne da ƙarfe, iska da laima su rasa hanyar shiga. Kamfanin AMP na Amurka, wanda Uncas Whitaker ya kafa a 1941, da wannan dabara ya yi suna, yana yi wa jiragen sama da na ruwa haɗin waya ba tare da dalma ba. Haɗin dalma yakan sandarar da waya, girgiza kuma ta karya ta daidai inda dalmar ta ƙare.

Matsi yana ɓaci ta fuska biyu. In bai kai ba, gurbi ya rage a tsakanin zaruruwa, wutar tana ratsawa ta 'yan wurare kaɗan, wurin ya riƙa zafi. Lissafin ba wuya: haɗin da turjiyarsa ta kai om 0.01, aka ratsa masa amfiya 20, zai fitar da zafin wat 4 a wurin da bai kai girman farce ba. Wannan ya isa ya ƙona roba a hankali. In kuma matsin ya wuce, jan ƙarfen ya sirance, zaruruwa su tsinke a bakin bututu, waya ta cire da ɗan jijjiga. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ƙarama ce ƙwarai. A ƙananan tamina masu fukafukai, waɗanda ke naɗe waya da fukafukan ƙarfe maimakon rufaffen bututu, masu ƙera su sukan ba da sassaucin da bai wuce milimita 0.05 sama ko ƙasa ba. Babu hannun da zai iya jin wannan, dole kayan aikin ne zai riƙe ma'aunin.

Abin da za ka duba a jikin filayar

Fara da haƙoran, wato ƙarafan nan biyu masu ramuka da suke taɓa tamina. Na ƙasa shi ne maƙera, a kansa tamina ke zama. Na sama shi ke dannowa ya ba ta siffa. Rufe filayar ba komai a ciki, ka ɗaga ta wajen haske. Ramukan sama da na ƙasa su dace da juna, kada ɗaya ya goce gefe, kuma kafaɗun haƙoran su haɗu ba tare da haske yana ratsowa ba. A filaya mai kyau, haɗuwar kafaɗun nan ita ce ke yanke kaurin matsi. Shafa cikin ramin da farce. In ka ji kaushi ko gutsure, tamina za ta riƙa maƙalewa, fukafukanta kuma ba za su naɗe sumul ba. Haƙoran da aka goge bayan an ba su ruwa sun fi waɗanda aka zuba a kwami aka bar su haka nesa ba kusa ba.

Sai yadda bakin yake rufewa. Akwai masu rufewa irin na almakashi, a kan ƙusa ɗaya, inda haƙoran ke zuwa a karkace, gefen da ya fi kusa da ƙusar ya riga taɓawa. Akwai kuma waɗanda haƙorin sama ke saukowa a miƙe, ko'ina ya taɓa lokaci ɗaya. Ga tamina mai roba ta yau da kullum, ta farkon ma ta wadatar. Ga ƙananan tamina masu fukafukai, ta biyun ta fi, domin zuwa a karkace yakan sa fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa naɗewa, tamina ta murɗe.

Ƙarfin da ake buƙata ya fi abin da mutane ke zato. Filaya mai ƙusa ɗaya, mai mariƙi milimita 180, da rami a milimita 30 daga ƙusar, ninki shida kawai take yi wa ƙarfin hannunka. Shi ya sa galibi ramin babbar waya yake can ciki kusa da ƙusa, na ƙarama yake bakin gaba. Filayar da aka ƙera don wannan aiki tana da ƙarin gaɓa tsakanin mariƙi da muƙamuƙi. Da farko bakin yana rufewa da sauri ba ƙarfi, amma yayin da gaɓar ke dab da miƙewa, tafiyar ta ragu, ƙarfin ya ninku sosai, daidai lokacin da ƙarfen ya cika ramin yana turjewa. In ka ji filaya ta yi maka tauri a tsakiyar tafiya sannan ta sake a ƙarshe, gaɓarta ce ke wucewa ta inda ya kamata.

Racet shi ne ƙugiyar da ke bin haƙoran wani ɗan faranti tana ƙaras-ƙaras, ta hana filayar buɗewa sai an kai ƙarshe. Amfaninsa a bayyane yake: matsi na ɗari da hannu ya gaji zai fito daidai da na farko. Amma a san iyakarsa. Racet yana tabbatar da cewa an rufe filayar ne kawai, bai san ko ramin da ka zaɓa ya dace ba, bai san ko haƙoran sun cinye ba. Filaya mai arha mai racet da haƙora marasa kyau za ta ba ka mummunan matsi iri ɗaya kullum. Nemi ɗan harshen nan da ke tsakanin mariƙan, wanda ake turawa a saki racet idan tamina ta shiga ba daidai ba. Ka san inda yake tun kafin ka buƙace shi.

A gefen yawancinsu akwai wata 'yar ƙafa mai tsaga-tsaga da alamar + da −, an kulle ta da sukuru. Tana juya wata ƙusa ce da cibiyarta ba ta tsakiya, ta matso da muƙamuƙi ko ta ja shi baya. Za mu dawo kanta. Wasu kuma suna da mazaunin tamina a bayan haƙora, wani ɗan akwati ko faranti da ke riƙe tamina a daidai zurfi, wani lokaci har da abin da ke tare bakin waya kada ta wuce. Ga mai matse ƙananan fil da yawa, wato siraran tamina da ake sokawa cikin mahaɗin waya, wannan ɗan abu ya fi kowane ado a jikin filayar amfani.

Filayar nan ta faranti mai siriri, wadda take yanka, ta feɗe waya, ta yanke sukuru, ta kuma matse tamina, a bar ta a aikin feɗewa. Faɗin bakinta bai kai tsawon bututu ba, kuma ba ta da inda take tsayawa.

Kowace tamina da siffar raminta

Tamina mai rigar roba, ko zobe ce ko cokali mai yatsu ko ta sokawa, launi uku gare ta. Ja na waya 0.5 zuwa 1.5 mm², shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. A ma'aunin Amurka na AWG, ja 22 zuwa 16 ne, shuɗi 16 zuwa 14, rawaya 12 zuwa 10, kuma a can girman lamba na nufin sirancin waya. Raminta mai siffar ƙwai ne, ba shi da tsini, don kada ya huda robar. Kalli ramin ta gefe za ka ga hawa biyu ne: ɓangare ɗaya ya fi matsewa, na jan ƙarfe ke nan, ɗayan ya fi sakewa, na riƙe robar waya. In ka juya tamina baibai, ɓangaren da ya kamata ya danne ƙarfe zai murƙushe roba, ƙarfen kuma ya zauna sako-sako. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, kuma daga waje ba a cika gane shi ba.

Tamina tsirara mai rufaffen bututu tana son rami mai tsini a gefe ɗaya da kwano a ɗayan. Duba bututun, za ka ga layin ɗinki inda aka naɗe farantin ya haɗu. Ɗinkin ya kwanta a cikin kwano, tsinin ya soki bayansa. In tsinin ya sauka a kan ɗinki, musamman wanda ba a like shi da wuta ba, sai ya buɗe shi, zaruruwa su fito.

Tamina mai buɗaɗɗen baki, irin ta cikin mota da ta kayan lantarki kamar na kamfanonin Molex da JST, tana da fukafukai jeri biyu. Na gaba gajeru suna naɗe jan ƙarfe, na baya dogaye suna rungume roba. Rufin raminta yana da tudu a tsakiya, wanda ke lanƙwasa fukafukan su juyo ciki su nutse cikin zaruruwa, matsin ya fito da siffar harafin B a kwance. A nan ne filaya ɗaya ba ta yi wa kowa. Faɗin rami da tsayinsa na wata tamina ce takamaimai, kuma fil biyu masu kama da juna a ido suna iya bambanta da kashi biyu cikin goma na milimita.

Hular waya, wato ɗan bututun da ake sa wa waya mai laushi kafin a ɗaure ta a ƙarƙashin sukuru, ana matse ta murabba'i, ko kusurwa shida, ko mai faɗi a ƙasa da ƙunci a sama. Filayarta mafi sauƙin aiki ita ce mai baki ɗaya da ke tsukewa daga kowane gefe, tana daidaita kanta da girman waya. Murabba'i ya fi zama a gurbi mai kusurwa, kusurwa shida ya fi shiga zagayayyen rami mai ƙunci. A tsarin Jamus na DIN 46228, fari 0.5 ne, toka 0.75, ja 1.0, baƙi 1.5, shuɗi 2.5, toka kuma 4, rawaya 6. Akwai wasu tsare-tsaren launi daban a kasuwa, saboda haka karanta lambar da ke jikin leda, kada ka dogara da launi kaɗai.

Fil ɗin jiragen sama da na soja, waɗanda ake sassaƙawa daga sandar ƙarfe, ana matse su da filaya mai tsini huɗu da ke shigowa daga kusurwa huɗu lokaci ɗaya, da abin juyawa na zaɓar zurfi.  Wannan wani fage ne daban.

Matakan aikin

1. Kashe wuta, ka tabbatar da mita cewa ta mutu.

2. Tabbatar da girman wayar. Karanta rubutun jikin robarta. Kankare zare ɗaya da wuƙa: in ciki ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma ba ta jure matsi kamar jan ƙarfe na gaske, takan karye ko ta sake daga baya. Waya mai zare ɗaya tak mai tauri ba ta dace da waɗannan tamina ba, domin babu zaruruwan da za su cike gurbi.

3. Zaɓi tamina da wayar za ta cika bututunta. Waya 1.5 tana kan iyakar ja da shuɗi. In ta shiga ja ba tare da zare ya tokare ba, ja ta fi. Kada ka yanke wasu zaruruwa don babbar waya ta shiga ƙaramar tamina.

4. Feɗe roba daidai tsawon bututun ƙarfe, ka ƙara kamar milimita ɗaya. Ga hular waya, ƙara kamar milimita biyu a kan tsawon bututun, tunda wani ɓangare na wayar yana cikin wuyan roba: hula mai milimita 8 tana son feɗewar milimita 10. Yi amfani da abin feɗewa mai rami daidai girman waya. Zaren da wuƙa ta yi wa rauni, nan zai karye. In ka ga guntayen jan ƙarfe a cikin robar da ka zare, yanke ka sake.

5. Mayar da zaruruwan yadda suke kwance tun asali da ɗan murzawa kaɗan. Murɗawa da ƙarfi tana ƙara kaurin waya ta hana ta bajewa. Kada ka shafa mata dalma. Dalma tana da laushi, tana gudu daga inda aka danne ta sannu a hankali, bayan wani lokaci haɗin ya sake.

6. Sa tamina a ramin, ka matsa racet ƙaras ɗaya ko biyu, ya riƙe ta ba tare da ya lotsa ta ba. Duba zamanta: bututun ƙarfe yana tsakiyar haƙori, bakinsa na baya ya ɗan leƙo waje.

7. Zura waya. Duk zaruruwa su shige, babu wanda ya juya baya. A tamina mai fukafukai, ƙarshen robar ya tsaya a tagar da ke tsakanin jeri biyun, ta yadda za ka ga roba ka ga jan ƙarfe a cikinta.

8. Matsa a hankali ba tsayawa har racet ya saki da kansa. Sau ɗaya. Sake matsawa a wuri ɗaya, ko juya tamina a ƙara mata, yana karya abin da matsin farko ya haɗa.

Tamina mai rigar da ke tsukewa da zafi tana son haƙora masu santsi, tunda rigarta ta fi laushi. Bayan matsi, hura mata iska mai zafi daga tsakiya zuwa baki har gam ɗin ciki ya ɗan leƙo.

Yadda za ka gane ya yi

Da ido tukuna. Bakin zaruruwa ya leƙo gaban bututu kaɗan, amma kada ya kai inda sukuru ko abokin haɗi zai zauna. Bakin bututu na baya, inda waya ke shiga, ya kasance a ɗan buɗe kamar bakin ƙararrawa, faɗin da bai wuce kaurin farantin sau ɗaya ko biyu ba. Wannan buɗewa ce ke hana kaifin bututu yanka zaruruwa idan waya tana motsi, kuma ana samunta ne kawai in bututun ya leƙo bayan haƙori kamar yadda aka faɗa. Juya ƙasan tamina. Ɗan kunne siriri a gefe biyu ba laifi, amma babban kunne, ko kunne a gefe ɗaya kawai, alama ce ta matsi ya wuce ko haƙora sun goce. Tamina da ta lanƙwashe sama ko ƙasa ba za ta shiga gidanta na roba ba. Fukafukan baya su riƙe roba ba tare da sun huda ta sun kai ga ƙarfe ba: lanƙwasa wayar gefe da gefe sau biyu ko uku, robar kada ta zame.

Sai gwajin jan waya. Ƙa'idar IEC 60352-2 ta ƙasa da ƙasa ta ba da mafi ƙarancin ƙarfin da haɗi zai ɗauka: niyuton 60 ga waya 0.5 mm², 108 ga 1.0, 150 ga 1.5, 230 ga 2.5, 310 ga 4, 360 ga 6. Raba da goma ka sami kusan kilo, wato waya 1.5 ta ɗauki kilo 15, waya 2.5 ta ɗauki kilo 23. Yi samfuri da guntun waya, ka rataye tamina a ƙugiya, ka ja da sikeli mai ƙugiya a hankali ba fizga ba. A tamina mai fukafukai, buɗe na bayan tukuna don kada riƙon roba ya ƙara maka lamba ta ƙarya. Lura da yadda ta rabu. In wayar ta zare sumul, matsi bai kai ba. In ta tsinke daidai bakin bututu tun kafin ta kai lambar, ya wuce. Samfurin da aka ja ba a sa shi a aiki.

Gwajin ja yana da makanta ɗaya: haɗi yana kai ƙololuwar ƙarfinsa tun kafin ya kai mafi kyawun ratsa wuta, saboda haka wanda ya ci jarrabawar ja yana iya zama da sauran gurbi a ciki. Hanyar gani ita ce a yanka. Raba matsin a tsakiya da zarto mai ƙananan haƙora, goge fuskar da takardar yashi mai laushi, ka duba da gilashin ƙara girma. Zaruruwan su fito da kusurwoyi, manne da juna kamar saƙar zuma. In har yanzu zagayayyu ne da baƙin gurbi a tsakaninsu, ramin ya yi wa wayar yawa. A masana'antu ana auna kaurin matsi da maikuromita, na'urar auna ƙaramin kauri, mai tsini a gefe ɗaya da lebur a ɗayan, tsinin ya zauna a ƙasa tsakanin kunnuwan nan don kada su ruɗi awo, sannan a gwada da lambar da mai tamina ya bayar. Mitar hannu ta yau da kullum ba ta ganin turjiya ƙarama haka. In kana son awon lantarki, ratsa sanannen amfiya ka auna milivolt ɗin da ya faɗi tsakanin waya da tamina.

Manyan wayoyi

Filayar hannu ɗaya takan tsaya a wajen 6 zuwa 10 mm², wasu su kai 16. Daga nan sai mai dogayen mariƙai da haƙora masu juyawa, wadda galibi take ɗaukar 6 zuwa 50, ko mai aiki da matsin mai wadda ke kaiwa 300. Siffar kusurwa shida ce ta fi yawa. Abin lura a nan shi ne haƙorin yana bin kaurin bututun ne daga waje. Kan waya biyu, wato manyan tamina masu tafi da ramin noti, na waya 35 mm², suna iya bambanta a kaurin bango, na tsarin DIN 46235 ya fi na gama-gari kauri, haƙoransu kuma daban. In ka sa mai siririn bango a haƙorin mai kauri, haƙoran za su haɗu, famfon filayar ya saki, wayar kuma ta zare da hannu. In bututun dogo ne yana son matsi biyu ko uku, fara daga wajen tafin da ke da ramin noti ka taho wajen waya, domin ƙarfen da ke tsawo ya sami inda zai tafi. A bututun haɗa waya biyu, fara daga tsakiya ka fita. Wayar alminiyam tana son nata kan waya mai man hana dusashewa a ciki, kuma in za ta zauna a kan jan ƙarfe, sai mai ƙarfe biyu.

Saiti da kulawa

Goge haƙora da burushi mai laushi, domin ɓurɓushin kuza da ke fita daga jikin tamina yana taruwa a rufin rami. Ɗiga mai a ƙusoshi da racet, kada ya taɓa cikin ramuka. Kada ka matse ƙusa ko wayar ƙarfe da ita. In haƙoranta masu cirewa ne, sa su, ka ɗaura sukurorin sako-sako, ka rufe filayar har haƙoran su zauna cikin juna, sannan ka ƙarasa ɗaurewa.

Da tsufa, ƙusoshi suna cinyewa, racet ya fara saki kafin kafaɗun haƙora su haɗu sosai. Alamarsa ita ce filayar ta yi laushi a ƙarshen tafiya fiye da yadda ta saba, samfuri kuma ya fara faɗuwa a gwajin ja. A nan 'yar ƙafar nan mai + da − take amfani. Yi wa inda take alama, kwance sukurun kullewa, juya ta tsaga ɗaya zuwa +, kulle, ka yi samfuri uku ka ja su. Tsaga ɗaya a lokaci guda. Ba a taɓa ta don a gyara tamina da ba ta dace da waya ba, tunda da zarar kafaɗun sun haɗu, ƙarin juyi ba ya rage kaurin matsi, jikin filayar kawai yake wahalarwa. In ka kai tsaga ta ƙarshe samfuri yana zarewa, ko ka riƙe muƙamuƙin ka ji yana kaɗawa gefe da gefe, ƙusoshin ne suka ƙare, a canza su ko a canza filayar.